Rasuwar Agwagwa, Wadda Aka Nutsar Don Kada Ta Tsage

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika rabinta, haushi ya cika sauran, ni Namakau Sitali, mai sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Mongu, nake sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da masu dariya a ɓoye, rasuwar motata Agwagwa, mai ƙafa shida, mai tafiya a tudu da ruwa. Ta rasu tana da shekara hamsin da ɗoriya. Kada kowa ya ce mini ajali ne. Ƙanen mijina Mubita ne.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan tare da wani Bature ɗan mishan, ya mutu ya bar ta gindin mangwaro, kaji na ƙwai a cikinta. Da shanu na jawo ta gida. Makaniki Likando ya yi damina uku yana jinyarta. Ya sa mata sarƙar injin casar shinkafa, ya ba ta injin ban ruwa, ya liƙe cikinta har ya daina yoyo. Gari duka aka ce tsohuwa ta zare. Ranar da ta farfaɗo ta yi tari, kwaf, kwaf, sannan ta ce tarrrr, sai ga masu cewa na zare suna tambaya ko da wurin mutum ɗaya.

Baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta tsoron yashi, ba ta tsoron taɓo, ba ta taɓa yi mini gardama ba sai in za a yi kwanar hagu. Tun da gwiwoyina suka daina lanƙwashewa a kwalekwale ita ce ƙafata. Kifina na isa kasuwa yana motsi, na wasu ya iso yana wari.

Ga yadda ciwon ya same ta. Na tafi Lusaka a cire mini yanar ido, na bar wa Mubita amanarta. Rani ya tsananta. Shi kuwa abin da ya gada kaka da kakanni shi ne a nutsar da kwalekwale in rana ta yi zafi, kada itacen ya tsage. Ya zare toshen cikinta, ya loda mata buhunan yashi, ya tura ta tafki. Maƙwabta sun ce ta yi ɓul, ɓul, ɓul, daga nan shiru. Na dawo da sabon ido, abin da na fara gani da shi saman kujerarta ne yana leƙowa daga ruwa, da tsuntsu a kai.

Da aka fito da ita, mutumin nan ya shafa gefenta ya dube ni ya ce, "Matar yaya, duba da kyau, ko tsaga ɗaya babu." Yana jiran godiya.

Ta rasu ta bar tayoyi shida, ɗaya ko wata guda ba ta yi da saye ba, da jarkar mai, da Likando wanda ya buɗe injin ya rufe shi ya kwashe kayan aikinsa, da tarwaɗa biyu da aka samu a ƙarƙashin kujera. Ta bar ni kuma, ga ambaliya tafe, masuntana har sun fara gaisawa da wasu mata masu sayar da kifi.

Za a yi jana'iza ran Litinin a ƙofar kotun gargajiya. Mubita ne zai jawo gawar da shanunsa, ta tsakiyar kasuwa. Masu ta'aziyya su zo da kujerunsu da abin da suka gani. Kada a kawo hawaye, ruwa ya ishe ta.

Ba na son ban haƙuri, ba na son kaza. Abin da zan roƙi dattawa shi ne a cire kujerar marigayiyar a ɗaure ta a tsakiyar kwalekwalen Mubita, in hau in miƙe ƙafa, ya tuƙa ni da kifina kullum har ruwa ya janye. In kuwa ya ce rana ta yi masa zafi a hanya, ai ya koya mini maganin.