Ranar da Injin Baba Ya Yi Gumi

In ana batun gyaran mota a unguwar nan, sai kowa ya kama bakinsa, Injiniya zai yi magana. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwa: tun da ya fara riƙe sufana bai taɓa yin kuskure ba. Shi da bakinsa ya faɗa, wa kuwa ya fi shi sani? Gaskiya ne motoci kan bar garejinsa da safe su dawo da yamma ana jan su da igiya, amma wannan halin masu su ne. Wannan ƙafarsa ta yi wa totur nauyi. Wancan bai iya sa giya ba. Wata baiwar Allah kuwa cewa ya yi yawan hirarta a cikin mota ne ke tayar wa injin hankali. Shi ya sa maƙwabta, don tsabar ƙauna, suke kiransa Ba-Laifina-Ba. A bayan idonsa dai.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Surukinsa, dattijo marar yawan magana, bai taɓa kawo masa motarsa ba. A ce duk gari an san darajarka, uban matarka bai sani ba! Matar ta yi ta roƙon mahaifinta, har ran nan ya kawo.

"Baba, yau motar nan ta zo gida," in ji Injiniya, yana gyara farar rigarsa irin ta likitoci. "Waɗanda suka ƙera ta sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Sauran a bar mini."

Ya warware injin ɗai-ɗai ya baje a kan kwali, ya yafuto mai faci da mai wankin mota su zo su sha kallo, don ilimi ba a ɓoye shi. Ya mayar da komai wurinsa. Saura notin ƙasan injin, wanda ke tare baƙin mai. Yana kwance ƙarƙashin mota, ya ɗan murɗa shi da yatsu ke nan zai kai sufana, sai ya ji mai faci ya faɗi wata magana ba daidai ba game da filogi. Ina! Injiniya ba ya barin jahilci ya wuce ta ƙofarsa. Ya fito ya yi bayani har makogwaronsa ya bushe. Daga nan ya ɗura baƙin mai, ya rufe bonet, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Baba, ko jariri aka kwantar a kanta ba zai farka ba."

Jariri kam ba zai farka ba, don motar ba ta kai ƙarshen layi ba ta yi tari, ta yi gurnani, ta yi shiru. Dattijo ya dawo da ƙafa, yana bin wani baƙin zare na mai da ya miƙe sambal daga ƙarƙashin motar har ƙofar garejin. Rabin unguwa na biye da shi.

Injiniya ya dubi zaren, ya dubi jama'a. Bakinsa ya buɗe da kansa. "Ai matsalar ƙafar…" Sai idonsa ya sauka a kan mai ƙafar. Ya haɗiye sauran da ƙyar, kamar ƙwayar magani ba ruwa. Yau ga laifi a hannu, babu wanda za a miƙa wa.

Amma gwani gwani ne.

"Baba, albishirinka! Gumi ne. Injin da ya samu gyara na gaske sai ya fitar da tsohuwar cuta. Ƙananan makanikai ba su kai nan a karatu ba."

"Ya yi gumi har ya mutu?"

"Hutawa yake, Baba."

"To, madalla. Zo ka taya ni tura shi ya huta a inuwa."

Suka koma wurin motar, dattijo ya shiga ya kama sitiyari. Injiniya ya dafa bayan mota yana turi, yana sanar da jama'a cewa da an isa garejinsa za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Sun zo daidai ƙofar, sai ya ga taya ta karkata ɗaya hannun, ta nufi garejin da ke tsallaken titi.

"Baba, nan ne! Dama za ka yi!"

"Na gani, ɗana. Ƙara ƙarfi, akwai ɗan tudu."

Ba a yi wa suruki musu a gaban mutane. Haka Injiniya ya cusa motar har cikin rumfar abokin hamayyarsa, yana haki, farar riga ta manne a baya.

Dattijo ya fito, ya dafa kafaɗarsa a hankali.

"Allah Ya yi maka albarka. Zan gaya wa 'yata ta kwantar da hankalinta. Turi kam, mijinta ya iya."