Rasuwar Siririya, Zaren Zinariyar Ɗakin Gwajinmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Siririya, wadda a takarda ake kira Lamba Talatin da Bakwai. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakin gwajinmu, tana da shekara biyu da wata biyar.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiyar zaren zinariya ce da na ƙera da hannuna domin karatun digirina na uku. Silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. Ban taɓa ganin ta da idona ba, sai hotonta a allon na'ura. Yayyenta talatin da shida duk ba su zo da rai ba.

Mai ladabi ce. Idan aka sa ta a firjin gwaji, ta yi sanyin da ya dace, wutar lantarkin da ke ratsa ta ba ta ƙaruwa kamar ruwan famfo. Hawa take mataki-mataki, kamar mai hawa bene, kowane mataki daidai da ɗan uwansa, yadda masu lissafi suka faɗa tun kafin a haife ta. Aibinta ɗaya: kafin matakin farko takan ɗan dakata a wani guntun mataki da lissafinmu bai san da zamansa ba. A kan wannan guntun matakin na ɗora karatuna kaf. Awo ɗaya ya rage mini in kammala. Ba ta da surutu, in ban da "ƙit, ƙit" ɗin na'urar awo duk sanda ta hau.

Ba ta yi jinya ba. Na fito da ita ke nan don in gyara wayar da ke haɗa ta da na'ura, sai Farfesa ya shigo da manyan baƙi, sanye da sabuwar rigar sanyi. Shi da kansa ya rubuta dokar da ke manne a ƙofa, cewa kada kowa ya taɓa komai sai ya ɗaura madaurin da ke zubar da wutar jiki. Bai ɗaura ba, ya miƙa yatsa kusa da ita ya ce, "Ga abin alfaharinmu." Muka ji ɗan "tas". Baƙi suka yi tafi.

Da na maida ta kan awo, layin da ke kan allo ya kwanta shame-shame. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta motsi." Ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce, "Ai dama ta kwana biyu." Haka aka rubuta a rahoto: tsufa.

Ta rasu ta bar ni, da babi huɗu da rabi na kundin digirina. Ta bar mai lissafinmu, wanda ya cika shafi sittin yana nuna cewa guntun matakin nan datti ne kawai, yanzu kuma ba shi da abokiyar gardama. Jiya na tarar da shi zaune gaban firjin ya yi tagumi. Ta bar mijina, da ya koyi yi wa yara wanka saboda ita. Ta bar mahaifiyata, wadda da na kira ta ina kuka ta yi salati ta ce, "Wa ya rasu?" Da na gaya mata, sai ta ce, "To, Allah Ya ba ki wata. Amma ke ma ki ci abinci."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma. Za a ɗauke ta da ɗan hantsaki, a sa ta cikin akwatinta na roba, a kai ta aljihun tebur na uku, kusa da yayyenta. Farfesa ya amince zai yi jawabi, daga bakin ƙofa.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin gwaji har zuwa Litinin, ranar da zan fara ƙera Lamba Talatin da Takwas. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya tambaye ni yaushe zan gama karatu.