Hannun Sa'a a Gonar Albasa

A fangali ɗaya tak, wato ɗan yanki na gonata, na gwada sabon irin albasa, ya yi kyau, sai na zura babbar riga na tafi taron manoma a Illela in ba da sakamakon bincikena. Ina cikin zuba bayani, malamin gona ya katse ni.

"Alhaji, fangali guda? Ka tabbata ba aikin sa'a ba ne?"

Sa'a sunan matata ne. Na rasa inda ya san ta.

"Mi? Wallahi Sa'a ba ta taɓa taka gonar ba!"

Ya ce sai an yi lissafi kafin a cire hannun sa'a. Na miƙe: "Hannun wa?"

Har yau, duk wanda albasarsa ta yi kyau sai ya aiko a yi wa maiɗakina godiya.