Yatsu Huɗu a Bakin Tsohuwa

"Lafiya ƙalau, Jara. Ya iyali? Ya kuma waken da ka kwana da shi a ciki?"

Famusa Tarawale ne ke amsa gaisuwa daga kan kujerarsa, bai ko ɗaga kai daga bindigarsa 'yar Rasha da yake shafa wa mai ba. A ƙauyensu na kusa da Buguni, Jara da Tarawale ba sa haɗuwa su rabu ba a zagi wani ba. Zuriyoyin biyu abokan wasa ne, haka suka gada. Amma yau Zumana Jara bai rama ba. Yana tsaye a ƙofa, riƙe da adakar mahaifinsa, bindigar ɗuri da ake kira Tsohuwa, nesa da jikinsa, kamar wanda aka miƙa wa jaririn da ya ɓata zani.

"Bawana, zo ka duba min wani abu."

"Ka ce bawana da muryar mai roƙon gishiri. Me ya faru?"

Zumana ya zura sandar ɗuri a bakin bindigar, a hankali. Akwai tsaga a jikin sandar, mahaifinsa ne ya yi ta da wuƙa. In albarushi ya yi daidai, tsagar kan tsaya a daidai baki. Yanzu ta tsaya sama da baki da yatsu huɗu.

Famusa ya ajiye tsumman mai. Ya ja kujerarsa baya.

"Sau nawa ka ɗura?"

"Sau ɗaya, da safen nan. Ɗurin tarbar amarya."

"Na ƙasan fa?"

"Na sadakar arba'in ɗin tsoho Cekura ne."

"Ai ranar ka harba. Da bakinka ka ce ƙararta ce ta sa jakin liman ya tsinke igiya."

Zumana ya kalli ƙasa. Ranar an yi yayyafi. Su goma sha biyu masu bindiga suka jera, aka ba da alama, ya ja kunama, babu abin da ya fita. Da yake hayaƙin sauran ya rufe wurin, sai ya jefa kafaɗa baya kamar ta doke shi, ya yi murmushin masu jin daɗi. Ya ba da labarin a wajen shan shayi sau da yawa, har shi kansa ya yarda.

"To," in ji Famusa. "Ashe ƙarar ta wani ce ta tsorata jakin."

"Kafin azahar za a kawo amaryar ɗan ƙanena. Harbin farko nawa ne. Ina ganin in na daure na riƙe ta da kyau..."

"Da wane hannu?"

Zumana ya dubi hannunsa na hagu, mai tallafe bututun. Ya tuna Ngolo na ƙetaren rafi, wanda tun shekarar da bindigarsa ta fashe sai an ɗaure masa mazagin wando.

"Ba irin ta Ngolo ba ce," ya ce. "Wannan ƙarfen tun zamanin da ake ƙarfe ne. Ta taɓa kashe gwanki biyu da harbi ɗaya."

"Bara guda ne da rabi. Yana ƙaruwa kamar ƙaryar Jarawa."

"Ta fi taka dai, da ake karya ta a tsakiya kamar rake, a cusa mata harsashin kanti. Bindigar akawu."

"Bindigar akawun ba ta taɓa sa ni zuwa gidan ubangidana ina karkarwa ba. Ka zuba mata ruwa mana, a tono."

"Na danna tsumman ɗurin sosai. Sai jibi zai jiƙa. Maƙeri kuma ya tafi kasuwa."

Famusa ya shiga ɗaki, ya fito da igiyar guga da wani dogon zare.

"Mu je bayan gari mu ɗaure ta a kaɗanya."

"Tsohuwa? A ɗaure ta kamar akuya?"

"Ko ita a ɗaure, ko kai a riƙa ɗaure maka. Ni ba ni da asara. Bawa mai hannu ɗaya ma yana iya tsince min wake."

Suka tafi ta bayan gidaje. Famusa na gaba da taku ashirin, ya ce wai don kada a gan shi da Jara. Duk sanda Zumana ya yi tuntuɓe sai tazarar ta ƙaru.

Sun ɗaure ta a gindin kaɗanya, bakinta na kallon fili. Zumana ya ɗaga ƙyastu, ya ɗaura zare a kunama. Suka warware zaren zuwa bayan wani suri, suka duƙa.

"Ja," in ji Famusa.

"Kai ja. Ba zan kashe ta da hannuna ba."

"Ai ka ce ba ta mutuwa."

"Famusa, ja."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun suna yara. Famusa ya karɓi zaren, ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya ja.

Ƙyas. Shiru.

Wata kurciya ta ci gaba da kuka a kan bishiyar. Gumin Famusa na ɗiga a kan gwiwarsa.

"Ka gani," in ji Zumana. "Ba ta amsa kiran Tarawale. Bari in je in sake ɗana ta."

Ya yunƙura. Famusa ya damƙe rigarsa ta baya.

"Zauna."

"Ta ƙi ne, kamar ranar..."

"Na ce zauna, macin wake. Dubi can."

Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa daga wajen ƙyastun, ba ya gaggawa. Zumana ya koma ya duƙa. Bai gama sunkuyar da kai ba ƙasa ta girgiza. Wani abu ya wuce ta samansu da fito, ya yanke kan surin, ƙasa ta zubo musu a wuya.

Sun daɗe a kwance. Daga cikin gari aka fara guɗa, sannan ganguna suka ɗauka. An zaci amarya ta iso.

Da suka je, gindin bindigar na nan ɗaure. Bututun ya tsage ya buɗe kamar ɓawon ayaba, daidai wurin da tafin hagu ke zama. Zumana ya sa hannunsa a wurin, ya cire. Ya zauna a ƙasa.

Famusa ya duba bututun. Sannan ya ce, "Gaskiya ta yi ƙara. Wannan kam zan ba da shaida."

Zumana ya ciro ƙahon albarushi daga wuyansa, ya miƙa masa.

"Me zan yi da shi? Tawa ba ta cin gari."

"Ka zuba tabarka."

Famusa ya juya ƙahon, ya rataya a wuya.

"Tashi mu je. Sai ka gaya wa matan nan da ke guɗa wace amarya ka tarba."

Zumana ya yi dariya, ta fito masa tare da tari.

"Kai za ka gaya musu, ubangidana. Ni ƙafafuna ba su dawo ba tukuna."