Rariyar da Na Kafa wa Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin ƙasar ranar nan ba. Ruwan farko ya sauka da hantsi, duwatsun garinmu sun yi sheƙi kamar an shafe su da mai, ni kuwa na hau adaidaita daga unguwarmu ta Yalwawa, zuciyata cike da fushi irin na masu kunya.

Makonni uku ke nan da na aika waƙata ta imel ga masu shirya wani taron marubuta a Dutse. Shiru. Har na rubuta wata sabuwa, baiti goma sha biyu, a kan manya masu taka furanni ba tare da sun duba ƙasa ba. Ita na ninke a jaka (ba don in karanta ba, don dai ta raka ni).

Ku sani, a lokacin ni ce gwanar waya a cikin ƙawayena. Da 'yan damfara suka ishe ni da saƙonnin cewa na ci mota, sai na kafa wa imel ɗina rariya: duk saƙon da ke ɗauke da "muna taya ki murna" ya zarce kwandon shara. Na ji kaina kamar injiniya.

A ƙofar zauren na gaishe da shugaban taron, wani dattijo mai farin gilashi, na faɗa masa a hankali cewa ko a'a ce, ai amsa tana da daɗi.

"'Yata, sau uku muka rubuto miki," in ji shi. "Ke ce ta farko a jerin masu karatu. Buɗe wayar mu gani."

Mutane suka matso. Na buɗe kwandon, ga saƙonnin nan su uku, kwance tsakanin mai tallar maganin ƙiba da mai rabon mota. Ya tambayi wanda ya yi mini wannan aika-aika. Na ce wata ce, ba ta da hankali sosai.

Aka kira sunana. Waƙar da na aika musu tana gida a kwamfuta, ban haddace ta ba, don haka na zaro ta jaka, na karanta wa dattijon zarginsa a gabansa. Shi ya fara tafi. Har yau ina alfahari da cewa ban tsallake baiti ko ɗaya ba.

Kafin in bar wurin na goge rariyar, na sa adireshin masu taron cikin amintattu. Yanzu kowace Juma'a sai na leƙa kwandon, don mai rariya ya kamata ya riƙa duba dusarsa.

Sai bayan shekara biyu, muna hira da ƙawayena Maryam da Rifkatu, suka ce su ma sun aika waƙa wancan karon, ba a kula su ba. Na tuna kujeru biyu da suka zauna babu kowa a gefena. Ni na saita musu wayoyinsu.