Igiyar Shanya a Bakin Tabki

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi da na yi a bakin wani tabki a kwarin Tarka. Ko matata ban ba ta labarin ba sai da aka shekara, kuma ko a lokacin sai da na rage wasu wurare.

Shekarata ta farko ke nan da aka turo ni Belbeji koyarwa. Ni ɗan Damagaram ne, a cikin birni aka haife ni, inda in ka yi atishawa maƙwabci zai amsa maka ta kan katanga. Matata da 'yarmu suna can, don surukata ba ta da lafiya a lokacin. Ni kuma ga ni a ɗaki ɗaya, da katifa da buta da rediyo. Mutanen garin ba su yi mini komai ba. Kowa zai ce, "Mushe, ina kwana" (haka ake kiran malamin makaranta a can), in amsa, ya wuce. Da yamma ina jin samari a fada suna shan shayi suna dariya a bayan ɗakina, amma ban taɓa zuwa na zauna ba. Jira nake a zo a kira ni (girman kan ɗan birni, wanda ni a lokacin nake kira kamun kai). Kusan wata biyu ba wanda ya tako ƙofata ya zauna. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ina kwana da shi ina tashi da shi.

Wanda ya riga ni zama a ɗakin ma'aikacin wani froje ne na raya karkara, ya tafi ya bar kaya a lungu. A ciki na tsinci tanti mai launin lemo, irin wanda ake hangowa tun daga nesa, da wata riga kaki marar hannu mai aljihu takwas. Na sha ganin bidiyo a waya, mutum ya kafa tanti a bakin ruwa cikin daji, ba mai gida ba mai haya, yana dafa shayinsa hankali kwance. Sai na ce wa kaina, tunda kaɗaicin nan ba zai bar ni ba, bari in kai shi wuri mai kyau. A can ƙasan zuciyata kuwa wani lissafi ne daban. Na ji ana cewa makiyaya ba sa ganin baƙo su ƙyale shi. Ina so wani ya zo wurina, ko wane ne.

Ranar Asabar bayan azahar na ɗaure kaya a moto, wato babur ɗina, na yanki daji. Ƙarshen kaka ne, ciyawa ta fara bushewa, ƙarangiya kuwa ta nuna sosai, duk inda na sa ƙafa sai ta gaishe ni. Wajen la'asar sakaliya na iso tabkin. Ruwan damina ne da ya fara janyewa, ya bar laka baƙa ta kewaye shi ko'ina. Na zaga da moto ina neman wurin sauka, duk inda na taka sai ƙafa ta nutse. Wuri ɗaya tak na samu mai tauri, tsakanin itatuwa biyu, wata aduwa da wani kandili, inda ƙasa ta gangara sumul har cikin ruwa kamar an daɓe ta. Na yi hamdala, na yaba wa kaina da iya zaɓe.

Matsalar wurin ɗaya ce, kashin shanu ya yi yawa. Na karyo reshe na share shi tas, ina ta mita a kan ƙazantar mutanen daji. (Ku lura, na ga kashin shanu, na ga sawun kofato dubu, duk sun nufi ruwa ta wannan wuri, amma kaina bai kawo komai ba. Kuma ni ne aka ba 'ya'yan mutane in koyar.) Na kafa tanti a tsakiya, na yi magariba da lisha ni kaɗai, na ci burodi da sardin, na kwanta. Ba abin da ya same ni sai sauro da tunanin gida.

Da safe na ce bari in yi wanki, tunda ga ruwa a banza. Na wanke singileti da safa da jan hankici da gajeren wando. Na ɗauko doguwar igiyar da nake ɗaure kaya a moto, na ɗaura ta daga aduwa zuwa kandili, daidai ƙugu, na shanya kayana a kai. Na saka rigar nan mai aljihu takwas don ta yi daidai da tantin, na hura gawayi, na zauna.

Da hantsi na fara jin kukan shanu. Can kan tudu sai ga ƙahoni sun ɓullo, jajayen shanu dogaye, da tumaki a bayansu, da jakuna ɗauke da mata da jarkoki. Zuciyata ta yi fari. Na gyara tabarma, na ƙara ganyen shayi, na ɗauraye ƙananan kofuna biyu da na zo da su (mutumin da ya zo neman kaɗaici, da kofi biyu).

Sai suka tsaya. Suna isowa kamar taku ɗari biyu daga inda nake, maza suka shiga gaban dabbobin da sanduna suka tare su. Na ɗaga hannu. Su ma suka ɗaga hannu, har wani ya ɗan rusuna. Ba wanda ya matso.

Na ce kunya ce, bari in ba su lokaci. Rana ta yi sama. Wani garken ya iso ya tsaya a bayan na farko, sannan wasu Abzinawa biyu da raƙuma, su ma suka yi magana da na gaba suka durƙusar da raƙumansu a can. Shanu suna ta kuka suna miƙo wuya wajen ruwa, ana kora su baya. Ni kuwa raina ya fara ɓaci. Wato ko a daji ma haka ne? Me ke jikina da mutane ke gani su tsaya daga nesa? Na tashi na shiga kai da komo a bakin igiya, hannu a baya, kamar yadda nake yi in yara suna jarrabawa. Can na ciro waya na ɗaga ta sama ina neman rezo, wato sabis, in kira matata in yi mata ƙorafi. Ban samu ba, amma na daɗe da waya a kunne ina cewa "alo, alo" ina kallonsu fuska a murtuke.

Me ya hana ni in taka in je in gaishe su? Abin da ya hana ni zuwa fada a Belbeji. Ni ne baƙo, ni za a zo wa.

Sai bayan azahar wani dattijo ya rabu da jama'a ya nufo ni. Bafillace ne dogo siriri, da malfa da sanda a kafaɗa. Yana zuwa kusa da igiya ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama. Wallahi na ji daɗin sallamar nan har idona ya kawo ruwa.

"Maraba, Baba, maraba. Bismilla, ga tabarma."

"A'a, ranka ya daɗe, nan ma ya isa." Ya tsuguna a ƙasa. Sai da na matsa masa sannan ya ɗosana a gefen tabarma.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da dabbobi. Da na ce ina dabbobi, ya ce, "Da godiya," ya ɗan waiwaya wajensu. Na ɗora shayi. Kowa ya san shayi ba a yi masa gaggawa, kuma dattijo irinsa ba zai zo wurin mutum ya faɗi abin da ya kawo shi da kofin farko a hannunsa ba. Ni na san haka. Abin da ban sani ba shi ne akwai abin da ya kawo shi.

Na buɗe baki kamar an kwance bakin buhu. Na ba shi labarin Damagaram da unguwarmu. Na ba shi labarin ciwon surukata, da yadda 'yata ta fara tafiya ba na nan, sai a waya aka nuna mini. Na gaya masa yadda nake cin tuwo ni kaɗai ina kallon bango. Yana ta cewa, "Allah sarki," "Haka ne," "Sai haƙuri." Ya shanye na farko, na ɗora na biyu. Da na ga ya kusa ƙarewa, sai na rage wuta da gangan don kada na uku ya yi saurin nuna ya tashi ya bar ni. Wannan shi ne wurin da na ɓoye wa matata.

Ya shanye na uku, ya kife kofin a hankali, ya yi godiya. Sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a ne suka turo ni. Sun ce in tambaya, yaushe gwamnati za ta buɗe ruwan?"

Na ce, "Wane ruwa, Baba?"

Ya nuna igiyar da haɓarsa. "Mun ga an ja igiya, an sa ja a jiki. Mun ga kana ta waya da manya. In ciwon dabbobi ne ya shigo, mu namu lafiya lau suke, ana iya dubawa. In kuma takarda ake nema, a gaya mana wace iri. Tabkin da muka baro ya ƙafe, rabonsu da ruwa tun shekaranjiya. Masu shayarwa sun fara kwanciya."

Na juya na kalli igiyata. Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota a ƙasar nan ya san igiyar da ake ja a tare hanya, da tsummoki a rataye don direba ya gani. Ga ta nan sak, ni na ɗaura ta da hannuna, da jan hankici a tsakiya. Ga tanti, ga kaki. Wurin nan mai tauri da na share, shi ne mashaya, nan kaɗai dabba za ta iya kaiwa ga ruwa ba ta nutse a laka ba.

Da ƙyar na ce, "Baba, ni malamin lakwal ne, yara nake koyarwa. Wanki na yi."

Ya daɗe yana kallon igiyar. Ya bi ta da ido daga singileti zuwa safa, ya tsaya a kan gajeren wando. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi.

"To," ya ce. "Sun bushe?"

Na tashi da gudu na kama kullin igiya, kullin ya ƙi kwancewa. Shi ya zo ya kwance shi da yatsa biyu, ya tsaya riƙe da bakin igiyar da kayana suna reto, ni kuma ina tumɓuke tanti. Ban tsaya naɗewa ba, na ja shi a ƙasa cikin ƙarangiya kamar mushen jaki. Dattijon ya ɗaga sandarsa sau ɗaya.

Ban taɓa ganin ƙishirwa da idona ba sai ranar. Shanun suka gangaro ƙasa tana girgiza, suka bi ta kan inda na kwana, suka tattake murhuna, suka zuba baki a ruwa, wurin ya yi tsit sai ƙarar zuƙa. Wata saniya da ta kwanta a kan tudu sai da maza uku suka ɗaga ta, suna tura ta a hankali har bakin ruwa. Ina tsaye a gindin aduwa rungume da wankina. Matan da ke cika jarkoki suna satar kallona suna rufe baki da mayafi. Labari ya riga ya zaga, na gani a kafaɗunsu.

Na yi ta jiran wani ya zo ya zage ni. Ba wanda ya zo. Da dabbobi suka ƙoshi aka fara kora su arewa, don sun yi asarar kiwon yini guda kuma dole su nemi ciyawa kafin duhu. Dattijon ne kawai ya dawo, da ƙwarya ƙarama ta nono. Na ce ba zan iya karɓa ba, ya ajiye ta a gabana.

"Baba, ku yafe mini. Don Allah ku kwana nan, gobe ku wuce."

"Ba komai, Malam. Dabba ba ta kwana inda ba ciyawa." Ya saka takalmansa. "Allah ya ba surukarka lafiya. Allah ya haɗa ka da iyalinka."

Ashe duk ya ji. Dabbobinsa suna kwanciya don ƙishirwa a bayansa, shi kuma yana zaune yana sauraron wani ƙato yana kukan cin tuwo shi kaɗai, kuma bai bar ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Kafin la'asar ta yi sanyi wurin ya koma ba kowa, sai ni da sabon kashin shanu. Na zauna na sha nonon nan ina jin kaɗaicin da ya fi na ɗakina nauyi, don wannan karon na san wanda ya jawo shi. Baƙo ɗaya na yi a wata biyu, shi ma ya zo ne ya roƙe ni in tashi.

Tun daga ranar na koyi abu ɗaya. In na ga mutane sun tsaya daga nesa suna kallona, na daina tambayar me na yi musu da ba sa zuwa. Tashi nake in duba a kan me nake zaune. In kuma wani ya zo ya zauna yana saurarona da haƙuri, yana ta cewa "Allah sarki," tun a kofin farko nake dakatawa in ce masa, "Baba, faɗi abin da ya kawo ka tukuna. Nawa labarin yana da tsawo."