Shehun Rabe-rabe da Kadan Gulbi

Allah ya yi wa Boɗinga baiwa iri-iri, amma babu kamar Kamal ɗan Alhaji Maniru mai yadi. Wasu in sun je bautar ƙasa sukan dawo da babur, wasu da tumbi. Shi kuwa, da yake kansa ba irin namu ba ne, ya dawo da jaka cike da ƙwayoyin lido, har da wata mai fuska ashirin, da wani wasa da ya ce manyan duniya kaɗai suka san shi.

Wasan ba shi da wuya. A zauna kan tabarma, kowa ya zaɓi jarumin da zai zama, maharbi ko ɗan tauri ko boka. Mutum guda ya riƙa ba da labari, yana jefa su cikin daji da gulbi. In jaruminka zai yi wani abu sai ka jefa ƙwaya, ita za ta faɗi ko ka dace. Tatsuniya ce dai da ƙwayar lido, amma kul ka faɗi haka a gaban Kamal.

Mai ba da labarin fa, wa zai zama in ba shi ba? Babban aikin da ya yi wa al'umma shi ne raba sihirin wasan gida-gida. Ran da ya ƙaddamar da shi sai da ya sa hula sabuwa.

"A inda anka san abu," in ji shi, "sihirin wasa makarantu gare shi. Ba a zuba shi wuri guda awa kayan gwanjo. Kau-da-bara da maganin ƙarhe, Makarantar Kariya. Layar zana da baduhu, Makarantar Ruhe Ido. Kiranye, Makarantar Jawowa. Shashatau, Makarantar Juya Hankali. Bokan wagga makaranta ba ya taɓa na waccan. Wanga shi ne ilimi."

Samari suka laƙaba masa Shehun Rabe-rabe a bayan idonsa. Da labari ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Har Malam Idi mai makarantar allo ya ji an buɗe makarantun sihiri a unguwa, ya taho da sandarsa bayan la'asar, fuska a murtuke. Kamal ya shimfiɗa masa buzu, ya shiga bayyana masa bambancin baduhu da layar zana. Malam ya saurara iya ƙarfinsa, ya yi hamma, ya miƙe. Ya ce su ci gaba da wasansu, wannan ko kaza ba zai kashe ba, sai dai da gajiya. Washegari Kamal ya bi gari yana cewa malamai sun amince da bincikensa.

To, cikin masu wasan akwai Mode, manomi daga Kajiji ta ƙasar Shagari. Duk Juma'a yakan taho kan babur, hanya ta jijjiga shi har haƙora, don jaruminsa kawai, wani boka mai suna Na-Inna, ɗan Makarantar Kariya. Tun farkon damina yake rainonsa, daga mai layu biyu har ya zama abin tsoro. Mode na son bokan nan, ba ya ɓoyewa. Ga shi an gama girbi, zai tafi ci-rani kudu, sai ruwa ya sauka zai dawo. Ana cikin haka Kamal ya jefa Na-Inna cikin gulbi, kada ya cafke masa ƙafa.

Mode ya ɗauki ƙwaya, ya ce zai sa wa kadan sagau, maganin nan da ke sandarar da hannun mai kawo duka.

Kamal ya ɗaga yatsa. Wayyo, yatsan nan!

"Dakata. Sagau ɗan wace makaranta ne? In mun dube shi ta hanyar tsare kai, Kariya ce, Na-Inna na da izini. In kuwa mun dube shi ta jikin wanda anka sa wa, ɗaure jiki ne, kuma ba mu buɗe makarantar ba tukuna. Bayan haka, sagau hannu yake kamawa. Shin kada na da hannu? Ko haɓa tana shiga hukuncin hannu? Wagga mas'ala ba ta ƙananan mutane ba ce."

Bai kai rabi ba aka kira magariba. Juma'ar da ta biyo ma haka, Na-Inna na bakin kada, Shehu na bayani. Kada dai ya yi haƙuri, ba a taɓa ganin irinsa ba. Mode ne haƙurinsa ya ƙare.

"Shehu, don girman Allah, jibi ni ka tahiya. Bar ni in jefa. In ya mutu in san ya mutu."

"Mode, gaggawa aikin Shaiɗan ce. Na kahwa kwamiti."

Kwamitin kuwa shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne 'yan majalisa.

An ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Ranar tafiya da hantsi, Sha'aibu tela, ɗaya daga cikin masu wasan, ya tara abokan wasa a shagonsa da ke kusa da tashar Shagari. Ya ture yaduka gefe, ya aro ƙwayar lido ta gama-gari, ya miƙa wa Mode. Mode ya yi bisimilla ya jefa. Shida! Haɓar kada ta sage, Na-Inna ya zare ƙafarsa ya haye gaɓa. Shago ya kaure da ihu, Mode na dariya yana share ido da gefen rawani.

Sai ga ƙarar babur. Shehu ne da babbar riga, labari ya kai masa. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Kwamiti ya yanke hukunci. Sagau ɗan sabuwar Makarantar Ɗaure Jiki ne. Saboda haka kada ya cinye Na-Inna. Allah shi jiƙan shi."

Sha'aibu ya ce ai ranka shi daɗe an wuce nan, Na-Inna ya haye, yanzu wani dodo ne ya tare shi. Shehu ya so ya yi fushi, amma kwaɗayin sani ya fi ƙarfinsa. Ya tambaya wane irin dodo.

"Wanga ba ya cizo, ba ya yakushi," in ji Sha'aibu, fuska ba alamar wasa. "Zaune yake bakin mashaya. Duk matahiyin da ya zo sai shi tsai da shi, shi yi ta yi mai bayani har damina ta wuce, gemu shi yi hurhura. Mun rasa makarantar da za mu sa shi."

Idon Shehu ya yi haske. Ya gyara hula, ya tattare riga, ya zauna kan kujerar keken ɗinki.

"Madalla da tambaya! Wanga sihiri ne mai zurhi, sai babban masani ka iya shi. Bari mu faro daga tushe."

Ya faro kuwa. Sai da ya kai rabe na uku ya waiwaya neman Mode, ya ji ko ya gane. Aka ce ai motarsu ta wuce Tambuwal.